Sajo Mai Kiwon Shinkafa

A Kagara kowa noman shinkafa yake yi, mutum ɗaya ne kawai yake kiwonta, shi ne Baffa Sajo. Ba ni na laƙa masa sunan ba, matan da ke dashe ne, kuma ya bi shi har kasuwar Goronyo, inda yanzu yake zama kusa da masu albasa yana yi wa duk wanda ya tsaya bayanin halin tsiro ko bai tambaya ba. Ni dai abin da na gani da idona zan faɗa, don ina cikin waɗanda ya kusa sa wa hawan jini a shekararsa ta farko a gona. Sunana Mubaraka, malamar gona ce ni, aikina in bi fangali fangali ina gaya wa manoma abin da ba su son ji.

An haifi Sajo a wani mashekari kusa da Dinawa, cikin gidan da tun kakanni ba a san fartanya ba sai sanda. Rahaji suke kiwo, jajayen shanun nan masu dogayen ƙafafu da manyan ƙahoni. Gudali kuwa, gajerun shanunmu masu nama da nono, Sajo ba ya ko kallonsu, cewa yake yi buhu aka cika aka sa masa ƙafa. Shi kansa dogo ne siriri, in zai shiga zaure sai ya sunkuya. Haka ya tashi da imani ɗaya wanda ba malamin da ya isa ya girgiza shi: duk abin kirki dogo ne.

Kowace kaka yakan sauko da garkensa ya sauka a gonar kawuna Zayyanu, ƙanin mahaifiyata, shanu su ci kara su bar taki. Kawu gajere ne mai jiki, rabin ransa yana kogin Rima wurin kamun kifi, rabi yana cikin shinkafa. Sajo na kiransa Gudali, shi kuma yana kiran Sajo Gora, irin wadda ake tura kwalekwale da ita. Tun ina yarinya ban taɓa ganin sun gaisa ba tare da sun tsokani juna ba, kuma ban taɓa ganin ɗaya ya ci abinci ya bar ɗaya ba.

Shanun ba rana ɗaya suka ƙare ba. Ciwon huhu ya ɗebi wasu, fari ya ɗebi wasu, da daji ya daina zaunuwa ɓarayi suka kore sauran da rana tsaka. Sajo ya iso Kagara da matarsa Inna Maimuna da jaki ɗaya da sandarsa. Inna Maimuna ta ci gaba da fura, amma nonon sai ta saya a hannun wasu, kuma wannan ya fi komai ƙona masa rai. Mutumin da muryarsa ke tsallake kogi ya koma zaman gindin bishiya, ba uhm ba uhm-uhm.

Kawu ya kasa jure ganinsa haka. Da lokacin noman rani ya zo, ya yanke masa fili a kwari, wurin da lakarsa ta fi riƙe ruwa, shi ya koma can ƙarshen hanyar ruwa. Sannan ya shiga rumbu ya fito da abin da bai taɓa ba kowa ba: irin 'Yar Uwaisu. Shinkafar kakanmu Uwaisu ce, gajera, mai jan ɓawo, in ana dafa ta maƙwabta sun sani. Ba ta kasuwa, ba ta gidan kowa sai gidan Kawu. Ya ajiye buhun gaban Sajo ya ce kyauta ce.

"Ba ni amsat ta kyauta," in ji Sajo. "Haɓɓanaye ta."

Ga wanda bai sani ba, a wurin Fulani in mutum ya rasa dabba, amininsa kan ɗaure karsana ya kai masa. Ya riƙe ta, ya sha nono, ta haifa masa maruƙa su zama nasa, sannan ya mayar da uwar lafiyayya, ta fi yadda ta zo. Wanda ya mayar da ita a rame, ko ya kasa mayarwa, ba shi da sauran fuskar shiga jama'a.

Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Gora, shinkahwa ta hwa, ba saniya ba."

"Na jiya. Ranar girbi ina maido maka ita, ta ɗara yadda kab ba ni. In na kasa, ba ka ƙara ganina Kagara."

Duk wanda ya san Sajo ya san ba wasa yake yi ba. Mutumin da ya rasa garke abu ɗaya ya rage masa, mutuncinsa, kuma shi ne ya ɗora a kan buhun nan.

A lokacin aiki ya kai ni Rabah da Wurno, don haka ban ga yadda aka yayyafa irin ba. Labari dai ya riƙa iske ni. An ce tun da asuba yake zuwa gadon rainon irin, ya tsuguna yana yi wa tsiro fito. An ce yana kewaya shi da sanda a kafaɗa yana korar tsuntsu da sunan kura. Na yi dariya na manta. Sai wata rana a tashar Wurno na ji direba yana ba fasinjoji labari wai wani Bafillace ya fitar da sabon irin shinkafa a Kagara, tana tsawo kana kallo. Nan take na fasa abin da zan yi na hau mota.

Ga abin da ya faru. Cikin gadon irin, wasu tsire sun zarce 'yan uwansu, sun miƙe sama siri-siri. Manomi in ya ga irinsu ɗaya nan ɗaya can ba ya kula su, Kawu ma cewa yake yi masu girman kai ne. Amma makiyayi ba ya wuce dogon maraƙi. Ranar dashe Sajo ya hana mata taɓa gadon sai da ya bi shi da kansa, ya tsince duk wani dogo, bai bar ko ɗaya da idonsa ya gani ba. Ya kai su fangalin da ya fi gangare, inda ruwa ke zuwa ƙarshe ya kwanta, ya dasa su da hannunsa, ya kewaye su da ƙaya kamar garken maruƙa. Ya sa musu suna Rahaji. Sauran gajerun ya ce da matan su dasa Gudalin nan yadda suka ga dama.

Da aka tara dogayen wuri ɗaya sai suka zama abin kallo. Mutane na zuwa daga ƙauyuka a kan babur. Har an fara kama ƙafa da Inna Maimuna a kan a ajiye wa wane mudu ɗaya in an girbe. Sajo kuwa ya dawo Sajon da. Muryarsa ta dawo, dariyarsa ta dawo, kuma ya riga ya sanar da duniya cewa daga Rahaji zai cika buhun Kawu.

Daminar da ta wuce ta yi rowa, dam bai cika ba, ruwan rani sai an bi layi, in ya zo yau sai a daɗe ba a gan shi ba. Ƙasa ta fara tsagewa. Na iso gonar da rana tsaka na iske Sajo da jakinsa suna jigilar jarkoki daga kogi, gumi sharkaf, kuma duk ɗigon da ya kawo Rahaji yake ba. Yana hango ni ya yar da igiya ya taho da gudu.

"Malama! Ɗiyata! Taho ki ga ikon Allah! Duk karatun da kinka yi, kin taɓa ganin irin wagga?"

Na taɓa gani, a littafi da kuma gonar gwaji, shi ya sa tun daga nesa na san ba lafiya ba. Ganyen ba kore shar ba ne, ya yi fari-fari kamar an wanke shi. Kowane tsiro shi kaɗai ne tilo, bai yi 'ya'ya a gindi ba. Na tsallake ƙayar na tsuguna. Saiwoyi sun fito a gaɓoɓin kara, sama da ƙasa, inda ba su da aikin yi. A gindin wasu kuwa ga wani gari-gari fari mai ɗan ja. Na kama mafi tsawonsu na ja, ya taho hannuna ba gardama.

Ihun da Sajo ya yi sai da jakin ya zabura. "Ke! Bajimin garken kinka tuge! Mi yay yi miki?"

"Baffa, ba shi da lahiya. Duk ba su da lahiya."

"Wagga ɗiya! Dibi waɗancan," ya nuna Gudali da sanda, "sun naɗe ganye kamar tsintsiya, mutuwa suka yi. Waɗanga na tsaye ƙyam. Wa ab ba shi da lahiya?"

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani, amma ranar na nemo shi. Na je na kama Gudali ɗaya na ja da hannu biyu, sai da na kusa faɗuwa kafin ya fito. Na ajiye su gabansa gefe da gefe. Gajeren ya yi 'ya'ya cunkus, saiwarsa fara tas, curi guda, ta nutsa neman danshi. Dogon kuwa 'yar saiwa ce baƙa-baƙa ta fara ruɓewa. Sajo mutum ne da ba ya sayen bajimi sai ya buɗe bakinsa ya ɗaga kofatonsa, don haka ya tsuguna ya duba su.

Na ce masa tsiro ba shi da baki, amma yana aika saƙo a cikin jikinsa. Wasu sinadarai ne 'yan mitsi-mitsi da yake haɗawa, a makaranta ana ce musu homon. Akwai wanda ke cewa a miƙe, a yi tsawo. Akwai kuma wanda ke tasowa in ƙasa ta bushe, ya isa ganye ya ce a dakata, a rufe ƙofofin da ruwa ke fita, a rage girma a sama, saiwa ta ci gaba da nema a ƙasa. Gajerun nan da yake raina wa sun ji saƙon ne, suna tattalin ruwansu, naɗe ganyen ma rage wa rana wurin duka ne.

"Tau, dogayen hwa? Kurame na?"

Na ce wata funfuna ce ta shiga jikinsu, dangin wadda ke kama tuwon da ya kwana biyu, amma ta shinkafa. Ita wannan funfunar ta iya haɗa sinadarin nan na a miƙe, iri ɗaya sak da na tsiron, kuma tana zuba shi ba awo. Tsiron sai ya yi ta tsawo, ya ƙarar da abin da ya kamata ya kai saiwa da 'ya'ya, ita kuwa tana ci daga gindi. Yawancinsu ba za su kai fure ba, waɗanda suka kai kuma ɓawo za su ba shi ba ƙwaya.

Sajo ya daɗe yana juya tsiron a hannunsa. Can ya ce, a hankali, "Ɓarawo na. Ya koyi kiran mai shanu, yay yi kira, sunka bi shi."

Wallahi ban taɓa jin wanda ya faɗe ta daidai haka ba, kuma na san inda ya samo ta, sai tausayinsa ya kama ni. Na zaci zai karaya. Ina! Sai ga shi ya miƙe zumbur, idanunsa na ƙyalli. "Ashe magana suka yi! Shekara da shekaru shanuna na cin abin ga, ashe yana magana cikin cikinai! Ɗiyata, ana ɗauka?"

Na ce ana ɗauka. In aka bar su har lokacin fure, iska za ta kwashi garin nan na gindi ta kai kan furen masu lafiya, ya shiga cikin ƙwaya ya kwanta sai baɗi.

Ban ƙara ko kalma ba. Wanda ya ga abin da ciwon huhu ke yi wa garke ba a koya masa ware mai ciwo. Ya hana ni taɓawa, ya ce nasa ne. Shi ya tuge su ɗaya bayan ɗaya, ya kai tudu nesa da gona, ya tara ƙayar da ya kewaye su da ita a kansu ya cinna wuta. Yana yi hawaye na zuba, yana cewa hayaƙi ne.

Ni kuma na shiga fangulan Gudali ina neman sauran dogaye don in cire. Na bi na farko, babu. Na bi na biyu, ɗaya tak. Na bi na uku, sai na ji ina dariya ni kaɗai, har na yi tsalle cikin laka, ni da hijabina da takalmin roba. Abin da nake roƙon manoma su yi kullum har muryata ta dushe, a tsince masu ciwo tun a gadon iri, shi mutumin nan ya yi, tsaf, don tsabar ƙauna. Ya kuma kai su gangare, inda ruwansu ba ya komowa kan sauran. Na ƙwala masa kira na gaya masa. Ya jefa sandarsa sama ya cafe, ya ce shi dama ya san abin da yake yi. Ƙarya yake yi, kuma mu duka mun sani.

Murnar ba ta daɗe ba ya tambaye ni abin da nake tsoro. Daga ina ciwon ya zo? Na ce cikin irin yake, tun daga rumbun Kawu. Nan fuskarsa ta canja.

"Ba ki hwaɗa mishi."

"Baffa, dole shi sani. Akwai ragowar irin ga rumbunai, baɗi shi za shi shibkawa."

"Mutum ya ɗauko abin da ubanai yab bar mishi yab ba ni, in koma in ce ciwo kab ba ni? Ba a yi. Ko saniyar da anka ɗaure maka ta zo da tari, cewa kaka yi lahiya lau tat taho."

Raina ya ɓaci, na ce wannan kunyar tasa za ta kashe 'Yar Uwaisu baki ɗaya. Muka yi ta yi, jaki na kallonmu. A ƙarshe muka tsaya a kan cewa zan gaya wa Kawu ya tuge dogayen gonarsa, wannan aikina ne ba mai hana ni, amma asalin ciwon zan riƙe bakina har a gama girbi. In lokacin shuka ya matso bai samo dabara ba, zan faɗa ko zai daina gaishe ni.

Daga ranar jakin ya koma yi wa Gudali hidima. Sajo ya riƙa zuwa da tsakar rana ya ga ganye a naɗe, ya dawo da la'asar sakaliya ya ga ya buɗe, ya yi ta kiran masu wucewa su zo su ga shinkafa mai hankali. Masu kama ƙafa suka watse, wasu na yi masa dariya, ko a jikinsa. Gajerun suka yi ciki, suka fitar da kai, suka sunkuya da nauyi. Ranar bugu Inna Maimuna ta yi guɗa har sai da matan gonakin maƙwabta suka amsa.

Gonar Kawu kuwa ba ta kai labari ba. Ruwa bai cika isa ƙarshen hanya ba, ciwon kuma ya riga ya bazu kafin a tuge. Abin da ya tara bai fi na ci ba, kuma ba ya yiwuwa a yi iri da shi. Bai yi ƙorafi ba, ya ce ruwa ne, baɗi sai ya buɗe ragowar da ke rumbu.

Da hantsi Sajo ya zo mayar da haɓɓanaye. Ya sa babbar rigarsa da malfa, buhu a kan jaki cike har wuya, shanshera ja, shinkafa da ɓawonta, wadda ya sa ni na tankaɗe na tsince na kuma yi alkawarin zan gauraya ta da maganin iri kafin shuka. Inna Maimuna na biye da ƙwaryar fura, rabin unguwa na biye da ita. Ya sauke buhun a ƙofar gidan Kawu ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Gudali, ga saniyarka ta komo gida. Ta haihu, na riƙe ɗiyan. Amma ba a maido haɓɓanaye a koma hannu wohi. Tukuici nika so."

"Hwaɗi," in ji Kawu.

"Ragowar irin da ad cikin rumbunka. Duka. Ita nika so, ba wani abu ba."

Mutane suka yi dariya, wai Bafillace ya kawo buhu zai tafi da buhu. Ni ko sai a lokacin na gane dabarar. Kawu bai yi dariya ba. Ya dubi Sajo, ya dube ni, ya juya ya shiga gida. Ya fito da ragowar buhun a kafaɗarsa, ya hana kowa kama masa, ya ɗora wa jakin ya ɗaure da kansa. Ina kusa da su, don haka na ji abin da ya faɗa ƙasa-ƙasa yana jan igiyar.

"Kak ka shibka ta, Gora. Ko ƙwara guda. Na ga hayaƙinka rannan, nik koma gonata nid duba gindin dogayen. Ciwo nib ba ka. Abin ubana nib ba ka, ashe ciwo na."

Sajo ya kafa wa kunnen jakinsa ido kamar yau ya fara ganinsa.

"Wane ciwo?" in ji shi. "Lahiya lau tat taho min."

Kawu ya saki igiyar. Ya tsuguna ya kwance bakin sabon buhun, ya nutsa hannuwansa biyu cikin shinkafar babansa har wuyan hannu, kafaɗunsa na rawa. Sajo ya matso ya tsaya tsakaninsa da jama'a, ya baza babbar rigarsa, ya shiga yi musu surutun farashin albasa da ƙarfi har Kawu ya gama kukansa.